RA'AYINMU: KASAFIN KUƊIN ƊALIBI DA DARASIN GANYEN SHAYI

 Akwai wata jarrabawa wadda kowane ɗayanmu yake zama dominta kowane wata, ba a kuwa taɓa liƙa jadawalinta a allon sanarwa ba, babu kuma sashen da yake koyar da ita. Ranar da kuɗi suka shigo hannu ake raba takardarta, wajen ashirin ga wata kuma sakamako ya fito. Wanda ya ci, ba mai sanin ya ci, gama yana nan yana harkarsa kamar kullum. Wanda ya faɗi kuwa ba ya ɓoyuwa. Shi ne za ka ga ya bar zuwa wurin mai abinci da rana, in an tambaye shi ya ce ba ya jin yunwa. Shi ne yake takowa a ƙasa daga cikin gari ya ce motsa jiki yake yi, shi ne kuma yake kashe wayarsa don kada mai binsa bashi ya same shi. Mu da muke rubuta wannan shafi mun faɗi wannan jarrabawa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, saboda haka maganar da za mu yi, maganar waɗanda suka ɗanɗana ce.

Mun sani wani zai ce, ina ruwan mujallar ƙungiyar ɗalibai da zancen cefane, balle har a kai ga ganyen shayi, ga kuɗin rajista yana hawa, ga ƙarancin ɗakunan kwana, ga wuta da ruwa sai an ga dama? Amsarmu ita ce, zancen cikin ɗalibi bai taɓa zama ƙaramin zance ba a tarihin jami'o'in ƙasar nan. A watan Afrilu na 1978, zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, ƙarin kuɗin abinci da na masauki ne ya fito da ɗalibai kan tituna a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta ƙasa wadda Segun Okeowo yake shugabanta, suna neman a sauke Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilmi na tarayya. An rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya, aka rufe jami'o'i, aka kuma soke ƙungiyar. Ɗaliban wancan zamani sun san farashin farantin abincinsu har kwabo, don haka da aka taɓa shi suka ji a jikinsu. Mu kuwa, mutum nawa ne a cikinmu zai iya faɗin abin da ya kashe a makon jiya?

Bambancin zamaninsu da namu babba ne. A lokacinsu jami'a ce take dafawa, ɗalibi ya miƙa tikiti a ɗakin cin abinci a zuba masa, gwamnati kuma ta cika ragowar kuɗin. A tsakiyar shekarun 1980 aka janye wannan rangwame, tukunya ta dawo hannun ɗalibi. Watau nauyin da a da yake kan ma'ajin jami'a da shugaban madafa, yau yana kan yaro ko yarinya 'yan shekara 17 ko 18, waɗanda a gida ba a taɓa ba su kuɗin cefanen yini guda su riƙe ba. Jiya uwa ce take auna hatsi, ta san ranar da buhu zai ƙare tun ranar da aka kwance bakinsa. Yau an turo wa ɗanta kuɗin wata guda a dunƙule ta waya, ba wanda ya zaunar da shi ya nuna masa yadda ake yanka su gida talatin. In ya yi ɓarna, laifin ba nasa ne shi kaɗai ba, amma yunwar tasa ce shi kaɗai.

Ga kuma halin da kasuwa ta shiga. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da janye tallafin man fetur, a watan Yuni na shekarar kuma aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Kuɗin mota ya tashi, ya ja na abinci. A Disamba 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta auna hauhawar farashi a kashi 34.8 cikin ɗari, ta kayan abinci kuwa ta kusa kashi 40. A Janairu 2025 aka yarje wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da abin da ya kai kashi 50 cikin ɗari. Ko da yake hawan ya lafa daga baya, abubuwa da yawa ba su koma inda suke a da ba. Iyayen da suke turo mana kuɗi kuwa, wasu manoma ne, wasu 'yan kasuwa, wasu 'yan fansho, wasu kuma ma'aikata a ƙasar da aka yanke mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Yuli 2024. Kowace naira da ta iso aljihunmu, daga tukunyar ƙannenmu aka rage ta.

Waɗansu daga cikinmu sun sami sauƙi ta hanyar asusun lamunin karatu na ƙasa, watau NELFUND, wanda aka sa hannu a dokarsa a Afrilu 2024, aka kuma buɗe ƙofar nema a watan Mayu na shekarar. Bayan kuɗin makaranta da ake biyan jami'a kai tsaye, an fara ne da ba ɗalibi naira 20,000 a wata domin ɗawainiyar kansa. Wannan taimako ne, ba ma musu. Amma a tuna da abu biyu. Na farko, in aka raba 20,000 gida 30, abin da ya faɗo wa yini guda bai cika naira 670 ba. Na biyu, sunansa lamuni. Gaskiya ne babu ruwa a kansa, amma doka ta ce shekara 2 bayan gama yi wa ƙasa hidima za a soma cirar kashi 10 cikin ɗari na albashin wanda ya ci. Watau duk kofin shayin da aka sha da wannan kuɗi a bana, wani magidanci ne ko wata uwar 'ya'ya za su biya shi nan gaba, kuma ba waɗansu ba ne, mu ne. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ya kamata mai hankali ya san tsawon nasa.

A zangon karatun da ya wuce, mu 'yan kwamitin wannan mujalla muka yi alkawari a tsakaninmu: kowa ya sayi ɗan littafi, ya rubuta duk abin da ya fita daga aljihunsa har kwana 30, ko da ruwan leda guda ne. Kafin mu fara, kowa ya rantse ya san inda kuɗinsa yake tafiya, wai littattafai ne da buga takardun lacca da abincin rana. Da wata ya cika muka baje littattafan a kan teburi, sai kunya ta rufe mu. Ashe manyan abubuwan da muke zargi ba su suka tsiyata mu ba, gama su muna jin zafinsu ranar biya, muna kuma shirya musu. Ƙananan ne suka yi mana illa: data ta yini-yini, ladan mai POS sau uku a mako saboda muna cirar kuɗi kaɗan-kaɗan, hawan a-daidaita-sahu don mun makara, ƙullin sukari, 'yar ledar madara, garin sabulu na ƙulli, sa'an nan shayi safe da dare. Lalle ɗan hakin da ka raina shi yake tsone maka ido.

Bari mu ɗauki shayin shi kaɗai. Farashinsa ya bambanta daga teburi zuwa teburi, ya kuma danganta da ko ruwan bunu ne ko haɗin kauri, saboda haka kowa ya sa nasa adadin. Mu dai mu ɗauka, domin misali kawai, kofi guda naira 300 ne, ban da burodi. Mai shan kofi biyu a yini ya kashe 600, a wata 18,000 ke nan. In kuɗin ɗawainiyar nan ne kaɗai a hannunsa, saura 2,000 da zai ci abinci, ya hau mota, ya buga takarda. Ba zagin mai shayi muke yi ba. Ban da ganye da ruwa, yana sayar mana da itacensa ko gas ɗinsa, da tashinsa tun asuba, da bencin da muke zama a kai, sau da yawa ma da haƙurin bashi har ƙarshen wata. Haƙƙinsa ne ya ci riba. Mu ne ya kamata mu tambayi kanmu ko aljihunmu zai iya sayen wannan hidima sau sittin a wata.

A cikinmu akwai wani ɗan'uwa daga Damagaram wanda littafinsa ya fi na kowa tsabta, alhali kuwa ya fi kowa shan shayi. Muka ce lalle ya ɓoye wani abu. Ya yi dariya, ya ce mu same shi bayan ɗakin kwana da la'asar. Muka tarar da 'yar buta shuɗiya wadda ba ta fi dunƙulen hannu biyu ba, da ɗan murhun gawayi na waya, da finjalai uku, da wani gwangwani mai murfi. Da ya buɗe gwangwanin sai ga busasshen ganye, kore mai duhu, a nannaɗe kamar 'ya'yan kuɓewa. Ya ce tun farkon zango ya saye shi, sau ɗaya. Ya auna, ya dafa, ya yi ta juyawa daga buta zuwa finjali har kumfa ta tashi. Daga wannan awo guda ya shayar da mu sau uku, na farko da ɗaci, na biyu tsaka-tsaki, na uku zaƙi. Da ya juye butar muka ga abin ya warware, ashe ganye ne sosai mai jijiya irin na itace. Abin kunya, mu 'yan jami'a, waɗansunmu ba su taɓa ganin ganyen shayi a buɗe ba. Mun taso mun tarar da shi a ƙunshe cikin takarda mai zare, har muna kiran kowane irinsa Lipton.

Wannan ya sa muka koma bincike. Shayi, kore da baƙi, duk daga itace ɗaya suke, wanda masana tsirrai suke kira Camellia sinensis, asalinsa daga kudu maso yammacin ƙasar Sin da maƙwabtanta. Bambancin launin daga sarrafawa yake. In an tsinko ganyen aka gasa shi ko aka turara shi nan da nan, sai ya tsaya kore. In aka bar shi ya yi laushi, aka murje shi, aka baza iska ta shige shi kafin a busar, sai ya rine ya zama baƙi, kamar yadda goro yake sake launi in an fasa shi an ajiye. Sin ce ta fi kowace ƙasa noma shi, Indiya tana biye da ita. Kenya kuwa, inda aka fara dasa shi a Limuru a 1903, ita ce kan gaba wajen fitar da baƙin shayi zuwa kasuwannin duniya, a Mombasa ake gwanjonsa. A nan gida ma muna da namu: a kan tsaunin Mambila, cikin ƙaramar hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, inda tudu da sanyi da yawan ruwan sama suka dace da shi, akwai gonar shayi ta Kakara tun shekarun 1970, daga can shayin Highland yake fitowa.

Ƙunshin takarda kuwa baƙo ne a cikin wannan dogon tarihi. A Amurka ya ɓullo a farkon ƙarni na 20, bai kuma fara shiga gidajen Ingila sosai ba sai bayan da kamfanin Tetley ya soma sayar da shi a can a 1953. Abin da ake zubawa a mafi yawan ƙunshi shi ne ganyen da inji ya daddatse ya murƙushe, ta hanyar da aka ƙago a Assam ta Indiya wajen 1930, musamman ɓarɓashi da garin da suke faɗowa ƙarƙashin rariya. An zaɓe shi ne don yana sakin launi da ƙarfi nan take, ya dace da mai sauri. Amma abin da ya fita da sauri da sauri yake ƙarewa, tsomi na biyu ruwa ne kawai mai launi. Cikakken ganye kuwa a hankali yake warwarewa, shi ya sa ake iya zuba masa ruwa sau biyu ko uku. Har ila yau, mai sayen ƙunshi, bayan kuɗin ganye, yana biyan na takarda da zare da tambari da kwali da injin da ya haɗa su.

Koren ganyen da ɗan'uwanmu ya dafa mana daga Sin ake kawo shi, akasari daga lardin Zhejiang. A ƙarni na 19 ya bazu a Maroko, daga nan ayari ya ratsa Sahara da shi, Buzaye da Larabawan hamada suka mai da shi abin karɓar baƙo, har ya iso Agadas da Tawa da Damagaram da garuruwanmu. A Nijar, tun farkon shekarun 1990, matasa suke da majalisun da suke kira fada, inda buta guda take tara samarin unguwa daga almuru har dare ya raba. Da yawansu ba su da wani abin hannu, amma wannan ya kawo ganye, wancan sukari, wancan gawayi, shayi ya samu. Ashe hanyar da muke gani sabuwa, maƙwabtanmu sun daɗe a kanta.

To, ga lissafin da ya fi kome amfani a cikin wannan zance. Ƙunshi guda, bisa al'ada, yana ɗauke da ganye wajen giram 2. Kwali mai ƙunshi 25 ke nan giram 50 ne kacal. Ganyen awo giram 250 kuwa, in ana sa ƙaramin cokali guda a kofi, watau wajen giram 2, zai ba da kofi 125 a zubi na farko kaɗai, abin da zai kai mai shan kofi guda a yini wata huɗu. Saboda haka in ka shiga kasuwa, kada ka tambayi kuɗin kwali ka tsaya nan. Duba nauyin da aka rubuta a jikinsa, ka raba kuɗin da nauyin, ka ga nawa giram guda ya kama, ka yi wa ɗayan haka, sa'an nan ka zaɓa. Amma fa muna gargaɗi, ba kowane ganyen awo ne ya fi ƙunshi sauƙi ba. Akwai na manyan kantuna cikin gwangwani mai zane wanda ya ninka ƙunshi tsada, akwai kuma na tsibi mai arahar banza wanda ya sha iska ƙanshinsa ya mutu, ko ya cika da karare. Araha ba ta ado. A bar lissafi da hanci su yi alƙalanci.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramar rariya, cokali, da gwangwani mai murfi. Baƙin ganye yana son tafasasshen ruwa, a bar shi minti 3 zuwa 5, in ya zarce haka sai ya yi bauri. Koren kuwa, in ba irin dafuwar Buzaye za a yi masa ba, a bar ruwan ya ɗan huce kafin a zuba. 'Yar citta ko kanumfari ko na'a-na'a sukan sa ruwan bunu ya yi daɗin da ba a neman madara. A ajiye ganyen nesa da laima da rana, nesa kuma da daddawa da kananzir da sabulu, gama yana shan warin duk abin da ya kusance shi. Sai a kula da abu uku. Ribar da aka ci a ganye tana iya zurarewa ta sukari, musamman a shayin finjali. Shayi kuma ba abinci ba ne, wanda yake kashe yunwa da shi a makon jarrabawa jikinsa yake ci bashi. Sa'an nan shan shayi mai ƙarfi a kan abinci yana rage sinadarin ƙarfen da jiki yake samu daga wake da ganyaye, saboda haka a ba da tazarar kamar sa'a guda, musamman 'yan'uwa mata da masu ƙarancin jini. Wajen tafasa ruwa kuma a bi dokar ɗakin kwana, kada neman sauƙi ya jawo gobara.

Mai karatu zai gane ba don shayi kaɗai muka yi wannan dogon zance ba. Abin da gwangwanin nan ya koya mana ya shafi shinkafa da wake da garin kwaki da sabulu da data. Shi ƙunshi, wani ne a masana'anta ya auna maka, ya yanke maka farashi, kai dai naka tsomawa. Ganyen awo kuwa yana tilasta maka ka riƙe cokali da hannunka, ka san nawa ka ɗiba, ka leƙa ka ga nawa ya rage, ka ƙiyasta ko zai kai ka ƙarshen zango. Kasafin kuɗi bai wuce wannan ba. Wanda ya iya shi a kan giram 250, zai iya shi gobe a kan albashi, jibi kuma a kan asusun ma'aikatar da za a damƙa masa.

Ga shawarwarin da muka tsinta daga wahalarmu. Na farko, a rubuta. A yi kwana 30 ana rubuta kome ba tare da an sake hali ba, domin mutum ya ga fuskarsa ta gaskiya. Na biyu, tun ran gini tun ran zane: ranar da kuɗi suka shigo ake raba su. A ware na dole, watau abinci da mota da takardun lacca da magani, a sayi kayan da ba sa lalacewa a cikin kwana biyun farko, gama shinkafar da take cikin akwati ba ta rikiɗa ta zama data da tsakar dare. Abin da ya rage a raba shi gida huɗu, a riƙa cirar na mako sau ɗaya, in ya ƙare ran Alhamis a yi haƙuri sai Litinin. Na uku, a ajiye wani abu kome ƙanƙantarsa saboda zazzaɓi ko kuɗin motar komawa gida. Waɗanda suke jami'a a 2022 ba su manta yajin aikin malamai da ya ci wata 8 ba, daga Fabrairu har Oktoba.

Na huɗu, a haɗa kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum huɗu a ɗaki guda, kowa yana sayen ƙullin sukarinsa da 'yar ledar madararsa, asara suke yi sau huɗu. In suka yi karo-karo suka sayi mudu guda da gwangwani guda suka raba, kowa ya tsira da wani abu. Iyayenmu mata da adashinsu sun riga mu sanin wannan. Na biyar, tsimi daban, rowa daban. Kasafin da ya hana mutum duk wani jin daɗi, mako guda yake yi ya rushe. A bar wa rai ɗan rabonsa, a bar wa baƙo nasa. A nan ma buta ta yi mana rana, gama da awo guda na ganye mutum zai karɓi abokai biyar bai ji ciwo ba. Na ƙarshe, a guji manhajojin wayar nan masu ba da bashi nan take da ruwa mai nauyi, a guji kuma cacar ƙwallo. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, mun kuwa ga waɗanda kuɗin rajistarsu ya bi ta nan, karatun ma ya bi bayansa.

Akwai wata magana mai ɗaci da ba za mu kauce mata ba. Wani ɗan'uwa zai ce, ai sai da abin rabawa ake kasafi. Gaskiyarsa. Tsimi ba ya haifar kuɗi. Wanda naira 300 ce a hannunsa yau, bai kuma san ta gobe ba, ba zai iya sayen giram 250 na kome ba, dole ƙulli zai saya, ƙulli kuwa ya fi kowane awo tsada. Watau wanda ya fi kowa rashi shi ya fi kowa biyan tsada. Wannan ba matsalar da ɗalibi ɗaya zai warware da ɗan littafinsa ba ce. Aikin ƙungiya ne, kuma a nan muke juyowa ga shugabanninmu.

Muna kira ga ƙungiyar ɗalibai ta buɗe kantin haɗin gwiwa, ta riƙa saro hatsi da sukari da madara da sabulu da ganyen shayi daga manyan kasuwannin sari irin su Dawanau da Singa a Kano, ta sayar wa ɗalibai a ƙananan awo bisa farashin sari, lissafin kantin kuma a liƙa shi a allo kowane wata. Muna roƙon hukumar jami'a ta tanadi amintaccen wurin dafa abinci da tafasa ruwa a kowane ɗakin kwana. Muna so a makon karɓar sababbin ɗalibai a keɓe zama guda domin koyar da riƙon kuɗi, a gayyato manyan ɗalibai da 'yan kasuwa waɗanda suka san awo. Muna tunatar da gwamnatocin jihohi masu ba da tallafin karatu cewa su biya shi a kan kari, gama kuɗin da ba a san ranar zuwansa ba, ba ya kasaftuwa. Ita kanta ƙungiyar kuma ta fara da kanta, ta buga mana abin da ya shigo na kuɗin ƙungiya da muke biya da inda ya tafi. Ɗalibin da ya koyi tambayar giram nawa ne a cikin kwali, ba zai ji nauyin yin wannan tambaya ba.

Mu a namu ɓangare, daga fitowa ta gaba za mu ware shafi guda domin farashin kayan masarufi a kantunan cikin jami'a da kasuwannin kusa da ita, da nauyin kowane kaya a gefen kuɗinsa. Duk wanda ya je cefane ya rubuto mana abin da ya gani ya kawo ofishin mujalla. Kafin nan, muna roƙon kowa ya nemi ɗan littafi da fensir ya fara rubutu tun yau, kada ya jira farkon wata. Wanda kuma yake son ganin ganyen shayi a buɗe, buta tana kan wuta a ofishinmu kowace Laraba da yamma, ya taho da kofinsa. Allah ya kai mu ƙarshen wata da sauran abu a gwangwani. Wassalam.

Kwamitin Mujalla